Ya ce in goge littafin ko ya janye maganar aure

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 32, ban taɓa aure ba, ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma tun rasuwar Baba nake zaune gidan yayana a Gesse. Watan jiya na biya naira 1,000 aka turo min wani littafin Hausa ta WhatsApp. Labarin mata uku ne marasa aure da ke haya gida ɗaya a Abuja. Ɗaya magidanci ke ja mata rai da alkawari har shekara huɗu, ɗaya saurayinta rance kawai yake ci a albashinta, ta ukun kuwa ta bi wani gidansa, abin da ake gudu ya faru.

Akwai wurin da babbarsu ta je bikin ƙanwarta aka sa ta rabon abinci, duk gwaggon da ta karɓi kwano sai ta ce "saura ke". Ta shige banɗaki ta kunna famfo don kar a ji kukanta. Wallahi a nan na kife wayar, domin haka aka yi min bara a Jega, a bikin autarmu.

Akwai mai nemana, wata biyar ke nan, yana da mata ɗaya, ya ce magabatansa za su zo. Da ya zo zance na ba shi labarin littafin, har na tura masa. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce macen da wannan ya burge idonta a buɗe yake, in goge shi in fita daga zauren da ake turowa, in ba haka ba ya janye. Matar yayana ta ce a shekaruna ba a wasa da manemi. Ni ba gogewar ce ke min ciwo ba, kalmar da ya jefe ni da ita ce. Ya zan yi?

Maman Sadik, Argungu: Ɗiyata, littahi na, ba Alƙur'ani ba. Ki goge, ki ba shi haƙuri. Abin da kika karanta yana kanki, babu mai ƙwace shi. Allah ya sa gidanki ne.

Malamar Hausa, Yawuri: Na karanta shi, kuma ban yarda da shi duka ba. Babin da yarinyar ta bi mutumin gida, marubuciyar ta zauna ta zayyana abin da layi biyu ya isa, ba zan ba ɗalibata 'yar aji shida ba. Ta kuma ƙawata Abuja da motoci da gidajen cin abinci, har mai karatu ta manta da kuɗin haya. Amma zargin da ya yi miki tsohon zargi ne. Tun da littattafan soyayya suka bazu daga Kano a shekarun 1980 ake cewa suna ɓata 'yan mata, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Mu da muka karanta su a ɓoye cikin littafin lissafi, ga mu da jikoki. A cikinsu na fara ganin an rubuta auren dole da sakin wulaƙanci da harshen da innata ke magana. Yanzu an koma waya, ba mai tacewa, shi ya sa mai kyau da marar kyau suka cakuɗe.

Ummu Hafsa, Gwandu: Ni tun shafi na ashirin na rufe. Ina ruwanmu da rayuwar Abuja? Mu nan zance a zaure ake yi ko a falo, ƙanne na gilmawa.

Anti Balki, Gusau: Ummu Hafsa, zauren yana nan, amma zancen ya koma waya bayan isha'i. Nan Zamfara tun 1999 aka ƙaddamar da shari'a, ga Hisba, kuma bai hana magidanci ya riƙe yarinya shekaru da "zan turo" ba.

Ƙanwata mai tambaya, ni bazawara ce, aurena wata goma sha ɗaya ya yi. Kafin a kawo lefe ya ce in bar zuwa gidan ƙawata ta makaranta, na bari, na ce ƙaramin abu ne. Aka kai ni, ya ce in bar aiki. Ranar da ya karɓe wayata yana zaune bakin gado yana cin tuwon da na tuƙa, ko kai bai ɗaga ba, hannu kawai ya miƙo. Ban ce naki haka yake ba, ban san shi ba. Amma ki lura da yadda ya yi magana. Namiji yana da damar ya ce abu kaza bai yi masa ba. Da ya ce "babi kaza bai dace ba, ba na son ki karanta irinsa", da na ce ki bi Maman Sadik. Shi kuwa tarbiyyarki ya taɓa, ya kuma ɗora auren a kan sharaɗi tun bai biya sadaki ba.

Sannan wani abu. A littafin akwai magidancin da ke cewa magabatansa na tafe, ba su zo ba. Naki ma wata biyar yana cewa za su zo. Kin tabbata babin gidan ne ya ɓata masa rai? Ki tambaye shi wane wuri ne, ki saurara da kyau.

Malama Hadiza, Zuru: Ki yi istihara, kuma ki sa yayanki a maganar, shi ne waliyyinki. Annabi (SAW) ya hana a aurar da budurwa sai da izininta, don haka kar shekaru su sa a tura ki inda zuciyarki ba ta kwanta ba. Shi ma ki yi masa adalci, wataƙila kishi ne ya sa ya faɗi abin da bai auna ba. Babin da Malama ta ambata kuwa, barinsa ya fi alheri, ko da shi ko babu shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan magariba na samu Yaya a tsakar gida na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko mutumin ya taɓa sa ranar zuwan magabatan. Na ce a'a. Ya kira shi a gabana, suka gaisa, ya ce masa maganar littafi tsakaninku ce, amma ni ina son jin rana. Ya ce zai yi shawara da kawunsa ya kira ranar Juma'a. Littafin na nan a wayata, na tsallake babin nan. Anti Balki, tambayarki ban yi masa ba tukuna, na fi so sai ya zo ina kallon fuskarsa.