Kunkurun Baba bai farfaɗo daga allurar barci ba, ido a buɗe amma kamar ba ya gani

Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Kunkurun gidanmu nan Tudun Wada, wanda ma ya girme ni, jiya mota ta taka gefen ƙoƙon bayansa ya tsage, muka kai shi wajen likitan dabbobi aka yi masa allurar ketamin aka gyara wajen. To yau awa 20 kenan idonsa a buɗe tar amma ko na kaɗa hannu ko na haska tocila ko gezau. Baba ya ce mun makantar masa da shi, tun safe ko gaisuwata bai amsa ba. Ya makance ne?

Ɗan Kawo: Haba kunkuru fa ran ƙarfe gare shi, kwara masa ruwan randa zai tashi.

Wata likitar dabbobi: Kul, kar ka soma! Ɗan'uwa sanyin ma shi ne matsalar. Kunkuru jikinsa ba ya yin zafi da kansa, to a wannan hunturun hanta da ƙoda a hankali suke fitar da maganin, shi ya sa ketamin kan riƙe su kwana ɗaya, wani ma ya fi. Kuma dama haka allurar take, ido na nan buɗe, haske na shiga, amma ta toshe hanyar da saƙo ke bi tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai ɓangaren da ke kula da gani ya kasa amsawa yadda ya saba. Gwajin tocilar nan ma ba abin dogaro ba ne a wajensu, ƙwayar idonsu ba ta tsukewa irin ta kare ko mage. Ka sa shi a ɗaki mai ɗumi wajen digiri 28 zuwa 30, kar ka kifa shi ta baya, kar ka ɗura masa ruwa a baki zai shaƙe. Ka ɗan matsa yatsan ƙafarsa ka ga ko zai janye. In numfashi ya yi nisa sosai ko gobe ba canji, mayar da shi.

Maman 'yan biyu: Banda kurfoti da gawayi a rufaffen ɗaki dai don Allah, jarka da ruwan ɗumi a naɗe da tawul ta isa.

Mai tambaya: Na gode Dakta. Ashe a kan siminti ya kwana a zaure, laifina ne. Na mai da shi ɗakin Hajiya, yanzun nan na matsa ƙafar baya ya ja ta ciki. Baba na zaune a gefensa da ganyen latas a hannu.