Firefox na sandarar min da kwamfuta, saura kwana tara in miƙa aiki, ku agaza

Ummu Nabila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin kwamfuta ku agaza min, kaina ya kulle. Ni malamar firamare ce, ina karatun digiri na ƙarshen mako, yanzu haka ina kan rubuta kundin kammalawa. Laftof ɗin da nake aiki da ita ta yayana ce, Allah Ya jiƙansa, bara cikin azumi ya rasu. Ta hannu ya saye ta, 'yar ƙarama ce mai inci 11. Shi da kansa ya cire Windows ya saka mata Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta a madadin Windows ɗin. Ina tuna ranar, yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna tun bayan la'asar har aka kira isha'i, yana ce min yanzu ta koma sabuwa. Bayan an yi arba'in matarsa ta kawo min ita har gida, ta ce ya sha faɗa mata ni zai bai wa in na kai ajin ƙarshe. Inna ta sa baki, sauran magada suka ce sun yafe. Shi ya sa ba na iya kallonta kamar sauran kaya.

Matsalar ita ce Firefox, wanda nake shiga intanet da shi. In na danna shi sai ya yi kusan minti guda bai buɗe ba. In ya buɗe na shiga Google Docs, inda nake rubuta kundin a intanet, sai in rubuta jimla sukutum babu abin da ya fito, can sai haruffan su zubo gaba ɗaya. Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya ta sandare ƙam, har kibiyar linzami ta daina motsi, sai da na danne maɓallin kashewa. Da na kunna, sakin layi biyu da na rubuta babu su. Zama na yi na sha kuka. Saura kwana tara in miƙa babi na huɗu da na biyar, kuɗin sayen wata kuwa babu. Yaya zan yi?

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan yaya, Ya sa ya huta. Malama, ba ki faɗi abin da ke cikin kwamfutar ba. Wane Linux ne? RAM nawa, wato ma'adanar da ke riƙe aikin da ake kan yi? Shafuka nawa kike buɗewa lokaci guda? Ki buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ki rubuta free -h ki danna Enter, sannan ki rubuta df -h, sai ki turo mana abin da ya fito. Kada ki ji tsoro, ba sa taɓa komai, nunawa kawai suke yi.

Injiniya Baban Khalifa:
Ba sai ta turo komai ba. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran kwamfuta, wannan ciwon ko ido a rufe na gane shi. Tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ga ƙarancin RAM. Ƙanwata, ki sayi SSD, wato faifai mai sauri da ba ya juyawa, ki ƙara RAM, shi ke nan magana ta ƙare. In kina Kano ki je Beirut Road, ko ki aiki yaro. Duk wanda ya ce ki rubuta wani abu a Terminal ɓata miki lokaci zai yi.

Antin Yara:
Ni fa gani nake sabis ne. Mu nan unguwarmu da an yi magariba intanet ya tafi kenan, sai na ɗora waya a kan taga kafin saƙo ya fita. Datar wata guda na saya, kwana goma sha biyu ta ƙare, na kira su aka yi ta sa min kiɗa har katina ya cinye. 'Yata ma haka ta yi ta fama da rajistar jarrabawa, sai da muka je shagon intanet muka biya. Ki canja layi ki gani.

Ɗan Zariya:
Anti, in da sabis ne shafi kawai zai ƙi lodi. Kibiya ba ruwanta da intanet. Tunda har ita ta tsaya, to ciwon a cikin injin yake.

Ummu Nabila:
Na gode. In tana tashi Lubuntu take rubutawa, na duba na ga 22.04. A jikinta akwai 'yar takarda an rubuta Intel Celeron, a cikin bayanan kuma na ga N2840. Wajen Mem an sa 1.8Gi, wanda ya rage 140Mi. Wajen Swap 511Mi ne kuma duk ya cika. Umarni na biyun ya nuna girman faifai 28G, ya cika 93%. Shafuka kuwa goma sha huɗu ne yanzu: kundin, Gmail, WhatsApp saboda zauren 'yan ajinmu, YouTube inda nake koyon yadda ake lissafin amsoshin tambayoyin bincike, sauran kuma takardun da nake ɗauko hujja ne. Duk ina buƙatarsu, kada ma a ce in rufe.

Ɗan Zariya:
To ai ga ciwon nan a fili. RAM ɗinki GB 2 ne, Lubuntu ta ɗebi nata kason tun kafin ki buɗe komai, sauran Firefox ya lashe. Tun ƙarshen 2021 Firefox ke ware wa kowane gidan yanar gizo nasa ɓangaren daban saboda tsaro, kuma kowane ɓangare da abin da yake ci. Google Docs da Gmail da WhatsApp na burauza ba shafukan karatu ba ne kawai, manhajoji ne cikakku da ke gudana a cikin burauzar. In RAM ya cika, Linux na kwashe kaya zuwa faifai, shi ne Swap ɗin da kika gani. Naki shi ma ya cika, sai injin ya koma ɗauko wannan ajiye wancan babu tsayawa. Abin da ya same ki daren jiya kenan.

Ki rubuta about:processes a wurin adireshi na Firefox, zai jera miki kowane shafi da abin da yake ci, ki gani da idonki. WhatsApp da YouTube ki mayar da su waya. Furosesar N2840 ta 2014 ce, tana da sashen da ke warware bidiyo nau'in H.264, amma YouTube yawanci VP9 ko AV1 yake turowa, waɗanda sai dai ta yi ta dakon su da ƙarfin tsiya. In dole sai a kwamfutar za ki kalla, ki saka wa Firefox h264ify, mai sa YouTube ya turo H.264, ki rage hoton zuwa 360p. Ki saka uBlock Origin shi ma, zai tare tallace-tallacen da ke cin RAM da data. Takardun hujja ki sauke su ki riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya. Sai babban magani, zram: yana matse bayanai a cikin RAM ɗin kansa maimakon kai su faifai. Ki rubuta sudo apt install zram-config, ki kashe ki kunna.

Injiniya, 28G ɗin nan alama ce ta faifan eMMC mai GB 32, wanda a manne yake da allon injin. Irin waɗannan ƙananan galibi har RAM ɗinsu a manne yake.

Injiniya Baban Khalifa:
Kai yaro, abin da ka karanta kake faɗa, ni abin da hannuna ya taɓa nake faɗa. N2840 tana ɗaukar RAM nau'in DDR3L har GB 8, na saka wa mutane ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wannan zram ɗin naku furosesa yake ƙara wa aiki, ita kuwa dama ƙwaya biyu gare ta, da ƙyar take numfashi. Jaki ya gaji ka ƙara masa mangala? Ƙanwata, ki yi abin da na ce.

Ummu Nabila:
Injiniya, na manta ban faɗa ba. Bayan babbar salla na kai ta wurin wani mai gyara a unguwarmu, ya kwance bayanta a gabana, ya ce babu ramin da za a sa RAM, babu kuma wurin faifai. Har kuɗin kwancewa na biya.

Injiniya Baban Khalifa:
To da kin faɗa tun farko. Duk da haka magana ɗaya ce, Lubuntu ta yi mata nauyi. A goge a saka antiX, wani Linux mara nauyi. Daga Debian aka gina shi, don tsofaffin injuna aka yi shi, in ya tashi abin da yake ci bai kai rabin na Lubuntu ba. Sannan Firefox ɗin da ke kan 22.04 na snap ne, wato wani salon ƙunshe manhaja, shi ya sa yake daɗewa kafin ya buɗe, kuma snap na ajiye tsohon kwafi bayan kowace sabuntawa, ga faifanki ya kai 93%. Lubuntu 22.04 ma shekara uku aka ɗeba mata, wa'adin ya cika tun Afrilun 2025. Aikin awa ɗaya ne. Na yi wa wani ɗan sakandare satin da ya wuce, har yau uwarsa na sa min albarka.

Abu Hafsat:
Ni wallahi ban ga amfanin wannan Linux ɗin ba. Ofishinmu aka kawo wani yaro ya saka mana, wata uku firinta ba ta buga ko takarda ɗaya ba, ni nake fita rana tsaka in bugo a waje da kuɗina, har yau ba a biya ni ba. Ki mayar da Windows 7 ki huta, 'yar'uwa. Ko ki saka Chrome, yana da Memory Saver da ke kwantar da shafin da ba a taɓawa.

Ɗan Zariya:
Windows 7 an daina ba ta kariya tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ɗin ƙarshe da ke hawa kanta shi ne 109. Ba zan so ta shiga Gmail da ita ba. Chrome kuma cikakken uBlock Origin ya daina aiki a kansa, sai ƙaramin da ake kira Lite. Maganar snap da cikar faifai Injiniya ya yi gaskiya. Amma ko an saka antiX, Google Docs abin da yake ci a nan shi zai ci a can, shafi goma sha huɗu ba za su shiga GB 2 ba.

Injiniya Baban Khalifa:
Za su fi shiga dai. A goge kawai.

Ummu Nabila:
Ba za a goge ba. Hotunansa na ciki, da muryoyin karatun Alƙur'ani da ya ɗauka, da wasu rubuce-rubuce da ban ma iya buɗewa ba tukuna. Yadda ya jera komai haka na bar shi, ko hoton fuskar allo ban canja ba. Ku yi haƙuri, wannan ba zan iya ba. Maganar YouTube a waya kuma, gilashin wayata ya tsage, ba na ganin lambobin da ake nunawa. WhatsApp in na rufe, a nan wakilin aji ke sanar da canjin lokaci, sau ɗaya na rasa ganawa da malami saboda haka.

Malamar Lissafi:
'Yar'uwa, ni ma ta wannan hanyar na bi. Ki sauke kundin a matsayin .docx ki buɗe da LibreOffice Writer, yana cikin Lubuntu tun asali, ba ya buƙatar intanet, kuma yana nuna gyararrakin da malami ya sa a gefe. Ki rufe Firefox gaba ɗaya ki yi rubutunki, in kin gama ki ɗora. In kuma dole sai Docs, ki raba kowane babi da fayil ɗinsa, dogon fayil mai jadawali da yawa shi ya fi nauyi. Ni nawa mai duba aikin sai da na buga babi uku a takarda har sau huɗu, kowane zuwa ya ce bai ga na baya ba. Wata biyu yana yawo da ni, ga goyo, ga kuɗin mota. Allah dai Ya saka mana.

Ummu Nabila:
Amin. Amma malaminmu ya ce fayil ɗaya yake so kuma a Docs, a nan yake bin abin da kowa ya canja. Na taɓa gwada LibreOffice, da na ɗora sai jadawalina suka karkace, lambobin shafi suka rikice, kwana guda na yi ina gyara. Ba ni da wannan kwanan yanzu.

Malam na Zariya, na saka uBlock Origin, shafukan takardu sun ɗan yi sauƙi, na gode. Na rufe shafi biyar. Amma wancan na zram da na rubuta sai ya nemi kalmar sirri. Ni ban san ta ba. Kwamfutar da kanta take shiga in an kunna, ban taɓa buƙata ba. Na gwada sunan 'yarsa da shekarar haihuwarsa, ta ƙi. Na kira matarsa, ita ma ba ta sani ba.

Injiniya Baban Khalifa:
Kin gani ko? Injin da ba ki da kalmar sirrinsa ai ba a hannunki yake ba. Tun rasuwarsa kenan ba ki sabunta tsarin da hannunki ba. Ki kwashe hotunan a filashi, a goge, a saka antiX da kalmar sirrinki. Tun ɗazu abin da nake faɗa kenan.

Ɗan Zariya:
Ba sai an goge ba, ana canja ta. In kin kunna ki riƙa danna Esc, in bai yi ba ki sake ki riƙe Shift, har jerin GRUB, wato zaɓuɓɓukan tayar da kwamfutar, ya fito. Ki zaɓi Advanced options, sai layin da ke da recovery mode, sai root, wato shiga da cikakken iko. Ki rubuta mount -o remount,rw / sannan passwd da sunan da yake shiga da shi, sai ki sa sabuwa sau biyu. Fayil ko ɗaya ba zai taɓu ba. Amma a nan ina tare da Injiniya a abu guda: kafin komai ki kwafe kayan marigayi a filashi. Faifan eMMC mai shekara goma da ya cika haka ba wurin ajiyar abin da babu kwafinsa ba ne.

Antin Yara:
Ni dai har yanzu ina cewa ki gwada wani layin.

Ummu Nabila:
Filashina na GB 4 ne kuma takardun makarantarmu ne a ciki, kayansa sun fi GB 11. Sai an yi albashi zan iya sayen babba. Wannan baƙin allon na root kuma gaskiya tsoronsa nake, in na kuskure harafi ɗaya ta ƙi tashi fa, ga kwana tara? Yanzun nan ma ta sake tsayawa na kusan minti uku da shafi tara kacal, amma ta dawo da kanta. Babu wata hanyar saka zram ɗin ba tare da kalmar sirri ba? An ɗauke wuta, batirin saura 18%, in an kawo zan leƙo.