Fikof dina tana komawa baya a kan hawa, ku ba ni shawara

Salam 'yan uwa, don Allah masana mota ku taimaka. Fikof dina manuwal ce, ina dauko dankali daga Bokkos, in na tsaya a kan hawa da lodi sai ta fara zamewa baya kafin in kama kuloci, jiya saura kiris in daki mai keke napep, ga warin kuloci har cikin mota. Hanbirki nake ja amma wallahi na gaji.

Bakanike na yace sababbin suna da hill start assist, tana rike birki kamar sakan 2 bayan ka daga kafa. To ana iya sa wa tsohuwa ne? Ko in sayar in koma otomatik, ita kuma tana jure lodi kuwa?