"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": ya shafi allon ces?

Mai Zarto: Jama'a, ana yawan jefa wa masu koyon kafinta wannan karin magana. A aikin allon ces kuwa, wato allon wasan darar Turawa mai gidaje farare da baƙaƙe, ina ganin sai dai ta ɓatar da yaro. Ɗanyen katako shi ne babban abokin gaban allo. In danshinsa ya haura kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, bayan an haɗa zai ci gaba da bushewa, ya ƙanƙance ta faɗi, ya dare daidai layin gam.

Baba Sikwaya: Ɗana, ka ɗauki maganar a fatarta. Ba danshi take nufi ba, lokaci take nufi: gyara tun abu yana karɓar gyara. Dubi yadda ake yin allon. Ka yanka sanda huɗu na katako mai duhu, huɗu na mai haske, kowace faɗin milimita 55, ka jera su ɗaya bayan ɗaya ka manna. In gam ya kama, ka yanka a gicciye gida takwas, su ma 55, ka juya ta biyu, ta huɗu, ta shida da ta takwas kai da ƙafa, ka sake mannawa. Gida 64 sun fito. To, ɗanyen iccen shi ne sandunan farko. In kowace ta ƙaru da rabin milimita, kafin ka kai ta takwas kuskuren ya zama milimita 4, allon ya tashi daga murabba'i. In kuwa faɗinsu bai zo ɗaya ba, ranar juyawa kusurwoyi ba za su haɗu ba, kuma babu samfefar da za ta ceto su.

Mai Zarto: Na ji, Baba. Amma in haka ne, ai "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta" ta fi dacewa.

Baba Sikwaya: Waccan hange ce, kana gani ne kawai. Wannan hannu ake sawa.

Hajiya Mai Awo: Ina tare da Baba, sai dai a ƙara abu ɗaya. Sandunan farko su kai tsawon santimita 50, kada a tsaya a 44, domin zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, ga kuma bakin da za a daidaita. Kuma kada a taɓa madogarar zarton, wato abin da ake jingina katako da shi don saita faɗin yanka, tsakanin yankan farko da na biyu. Saiti ɗaya ya yi duka.

Ɗan Inji: Masu CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, su ma ba su tsira ba. Injin yana bin zane ne, bai san katako ba. In za a fafe gurbi a dasa gidaje masu duhu, bakin yanka mai kaurin milimita 6 yana barin lungun ciki a zagaye, gida mai kusurwa kuwa ba zai zauna ba. Ko a zagaye kusurwoyin gidajen tun a kwamfuta, ko a gyara lungu da kurfi. A gwada gurbi ɗaya a guntun katako kafin a saki injin kan duka guraben 32.

Mai Zarto: To ga inda nake tsaye har yanzu. Katako ba ya daina motsi ko ya bushe: yana kumbura da danshi, ya koma da bushewar iska, ta faɗi kawai, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Wanda ya zagaye allo da firam ya manne shi ta ko'ina, kusurwar firam ce za ta buɗe. Wannan iccen ba a tanƙwara shi, wuri ake ba shi.

Hajiya Mai Awo: Gaskiyarka, Malam. A yi wa firam ɗin kwari allon ya zauna ciki ba gam, a bar milimita 2 zuwa 3 a gefunan da yake kumbura. Ko a yanka gidajen sirara a manna kan filawud. Man sheƙi kuma a shafa sama da ƙasa daidai, in ba haka ba allon zai lanƙwashe kamar kwano. Kafin a sa alama ko harafi a gefe, a duba: farin gida ne ke kusurwar hannun daman ɗan wasa.