Neman shawara: mu bakwai a kan kalmar sirrin imel ɗaya, kod ɗin kuma wayar Alhaji yake zuwa

Lawali Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar kwamfuta ku taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Ina aiki a biron wani Alhaji nan Maradi, ba nisa da babbar kasuwa. Aya da riɗi da wake muke saye mu fitar, wani lokaci mu shigo da shinkafa. Asalin aikina rubuta faktir ne, wato takardar kuɗin kaya, da bin takardun duwan, wato kwastan, amma da yake na taɓa ɗan koyon kwamfuta, duk abin da ya lalace ni ake kira, ko da firinta ce ta haɗiye takarda. Alhaji ubangidana ne tun ina yaro. Shi ya riƙe ni a lakkwal bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, gidan da nake ciki ma nasa ne. Na faɗi wannan ne don ku san ba mutumin da zan tsaya gabansa in ce "ba haka ake yi ba" ne.

Muna da akwatin imel uku: na kowa da kowa, na kuɗi, da na taranzit, wato harkar fitar da kaya da shigo da su. Ɗan ƙanwar Alhaji ne ya buɗe su, yanzu ya tafi waje karatu, sai ka yi ta aika masa saƙo bai duba ba. Duka ukun kalmar sirrinsu ɗaya, tana nan rubuce da jan biro a bayan kalandar da ke rataye saman teburin sakatariya. Mu bakwai muke shiga da ita.

To bayan ƙaramar salla wani ya bar aiki, ya koma wajen wani ɗan kasuwa da muke sayar wa mutane ɗaya da shi. Tun daga nan, in muka aika wa mai saye farashin tan na aya, washegari sai ya ce an ba shi ƙasa da haka kaɗan. Kuma wani saƙo daga mai fitar mana da kaya a tashar jirgin ruwan Lome ya ɓace, kowa ya rantse bai gani ba, har kuɗin jinkiri ya hau kanmu. Ga shi in aka shiga daga sabuwar kwamfuta sai a nemi kod, wato lambar tabbatarwa da ake turowa waya, kod ɗin kuma wayar Alhaji yake zuwa, shi ko yana Dawanau ko yana kan hanya ba rezo. Yanzu an ce in gyara. Ta ina zan fara?

Tsalha Mokoyo: Wa alaikumus salam. Ka canza kalmar sirrin yau ɗin nan kafin la'asar, ka yage kalandar. Shi ke nan.

Injiniya Isufu: Malam Tsalha, ba shi ke nan ba ne. Ya canza, gobe ya raba wa mutum shida sabuwar, jibi ɗaya ya sake barin aiki, an koma gidan jiya. Ƙanena Lawali, ka saurare ni da kyau, wannan aikin nake ci da shi a Yamai. Matsalarku ba kalmar sirrin ba ce, matsalarku ita ce akwai kalmar sirri ga akwatin da jama'a ke tarayya a kansa. Bai kamata a ce kowa ya san ta ba, har kai.

A Microsoft 365, wato tsarin imel na kamfanoni da ake biya, ga yadda ake yi. Kowane ma'aikaci yana da asusunsa da sunansa, da kalmar sirrinsa, da kod a wayarsa shi kaɗai. Sannan a mayar da akwatunan nan uku su zama irin da ake kira na tarayya, a toshe shiga cikinsu kai tsaye. Admin, wato mai kula da duk asusun kamfanin, shi zai ba kowa izini, kuma izinin iri-iri ne: akwai na buɗewa da karantawa da sharewa, akwai na aika saƙo da sunan akwatin kamar shi ne ya aika, akwai na aikawa a madadinsa, inda mai karɓa zai ga sunan wanda ya rubuta. Wanda aka ba izini, akwatin zai fito masa da kansa a Outlook, manhajar duba imel ɗin, a ƙarƙashin nasa, wani lokaci sai an jira kamar awa guda. Akwatin tarayya ba ya buƙatar lasisi, wato kuɗin da ake biya kan kowane asusu, in girmansa bai wuce giga 50 ba. Mutanen ne ke buƙata. Ranar da wani ya ajiye aiki, ka rufe asusunsa, sauran ba abin da ya shafe su. Kuma me ya kai mai auna buhu cikin akwatin kuɗi? Kontabul mai riƙe lissafin kuɗi da Alhaji sun isa.

Maman Nana: Hmm, ni dai wannan magana ta taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. A wata ƙungiya da na yi aiki, haka muke da akwati ɗaya mu duka. Aka aika wa mai ba mu tallafi rahoto da lissafi a karkace, da aka tashi bincike sai aka ce ni ce, don ni nake zama kusa da kwamfutar. Ranar ma ina asibiti da yaro. Ba yadda zan wanke kaina tunda suna ɗaya ne ke fita. Har yau matar da na san ita ta yi in mun haɗu a biki sai ta gaishe ni kamar ba komai. Allah ya isa dai.

Injiniya Isufu: Kin ji abin da nake faɗa, Hajiya. Tun 2019 Microsoft ta kunna rajistar da ke rubuta wanda ya share saƙo ko ya aika da sunan akwati, ba sai ka kunna da kanka ba. Amma in mutum bakwai suna shiga da suna ɗaya, rajistar suna ɗaya za ta nuna maka. Lawali, saƙon Lome da ya ɓace, ka duba wurin maido da abin da aka share. Ko an zubar da kwandon shara, yana nan har kwana 14, admin na iya ƙarawa zuwa 30. In bai wuce ba ka hanzarta.

Lawali Bagalam: Na gode Yaya Injiniya, Allah ya ƙara sani. Sai dai maganar lasisi ga kowa, wallahi ba za ta yiwu ba. Alhaji mutum ne da zai ba ka jikka ɗari kyauta bai ji komai ba, amma ka ce masa kowane wata za a cire kuɗi a kati don abin da ba ya gani da ido, sai ya ce ana cutarsa. Ukun da ake biya yanzu ma kullum sai ya yi magana. Malam Tsalha, canzawar ma ba ta hannuna kawai. Wanda ya tafi ɗin ƙanen Hajiya uwargida ne. In na canza yau, kafin magariba labari ya kai cikin gida cewa Lawali ya ce ƙanenta ɓarawo ne. Kuma ita ma Hajiyar tana duba akwatin kuɗin a wayarta.

Rabe Ɗan Isa: Au, ashe ku takwas ne ba bakwai ba.

Injiniya Isufu: Dakata. Ka ce uku ake biya. To ai ga mafita rabi. In ka mayar da akwatunan uku na tarayya, lasisi ukun nan sun kuɓuta, ka ba mutum uku. Saura ka ƙaro kaɗan. Waye admin?

Lawali Bagalam: Ina jin yaron da ya tafi karatu ne. Kuma yanzu da na duba, biyu ne ke buɗewa a Outlook, na taranzit ɗin Gmail ne, tun kafin a buɗe sauran yake, shi duk mutanen Lome da Kwatano suka sani. Na ukun da ake biya ban san na waye ba.

Injiniya Isufu: Inna lillahi. Kana tambayar yadda za a gyara gida, ba ka san wa ke riƙe da makulli ba.

Hadiza Zariya: Injiniya a yi masa a hankali mana, tambaya ya zo yi. Lawali, na Gmail ɗin ba sai kun biya komai ba. A cikin saituna akwai wurin ba wani izinin shiga akwatinka, ana iya sa har mutum 10 a asusun kyauta. Kowa ya shiga da nasa Gmail, ya karanta, ya amsa, amma ba zai iya canza kalmar sirri ba, kuma saƙon da ya aika yana nuna adireshinsa. Mu a kantin maganinmu haka muke yi. Kuma ka sauka can ƙasan shafin akwatin a kwamfuta, akwai ɗan rubutu ƙarami da ke nuna shiga na baya-bayan nan, da irin na'ura da lokaci. In ka ga an shiga ƙarfe biyun dare alhali biro na kulle, ka samu abin nuna wa Alhaji ba tare da ka kira sunan kowa ba.

Injiniya Isufu: Kamfanin da ke fitar da kwantena ba ya aiki da Gmail na kyauta. A kwashe saƙonnin a mayar Microsoft, a sanar da abokan hulɗa sabon adireshi. Ni ba na ba da shawarar faci.

Hadiza Zariya: Ba kowa ke Yamai da kasafin kuɗi ba, Injiniya.

Mamman Transit: Ni ban yarda a canza adireshi yanzu ba sam. Ku da ba ku cikin harkar ba ku san abin da ke faruwa ba. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, kowa a tsorace yake, kuma ƴan damfara sun gane. Wani maigidana a da, haka aka shiga akwatinsa aka zauna shiru ana karanta komai. Da lokacin biya ya zo, sai aka aika wa mai sayen kayansa saƙo daga adireshi mai kama da nasa, harafi ɗaya ne bambanci, aka ce lambar asusun banki ta canza. Kuɗin riɗi mota guda suka tafi. Mu aka tara a tsakar biro ana mana kallon ɓarayi, albashin watan ma sai da aka riƙe. To yanzu kai Lawali ka aika wa mutanen Lome cewa adireshi ya canza, wa zai yarda? Sai dai ka bi kowa da kiran waya. Kuma kada ka ɗora wa ƙanen Hajiya tun yanzu, mai yiwuwa wanda ke karanta muku saƙo bai taɓa taka Maradi ba.

Injiniya Isufu: Wannan gaskiya ne a wuri ɗaya. Sau da yawa wanda ya shiga, abu na farko da yake yi shi ne ya sa dokar tura saƙo, kowane imel da ya shigo kwafinsa ya wuce wani adireshi. Ko ka canza kalmar sirri sau goma, dokar tana nan tana aiki. Saboda haka Malam Tsalha, ka ga dalilin da na ce ba shi ke nan ba. A duba dokar tura saƙon, a duba dokokin tace saƙo, a fitar da duk na'urorin da ke ciki, a duba lambar waya da imel na maido da asusu. Ina tsammanin in ka duba za ka tarar lambar yaron da ke waje ce a ɗaya daga ciki.

Tsalha Mokoyo: Duk wannan dogon bayani, har yanzu kalandar tana rataye.

Lawali Bagalam: Malam Tsalha kalandar ba don sakaci aka yi ba. Wuta tana ɗaukewa, kwamfuta ta mutu, in ta dawo ta nemi a sake shiga, sakatariya kuma ba ta riƙe irin waɗannan abubuwa a ka. Ba wanda ke shiga biron sai mu. Kuma maganar kowa ya sa kod a wayarsa, biyu daga cikinmu ƙaramar waya suke riƙewa, ɗaya kuma layin Najeriya yake amfani da shi rabin wata saboda yana Jibiya da Katsina.

Hadiza Zariya: Na Gmail akwai lambobin ajiya guda 10 da ake bugawa a takarda, kowace sau ɗaya take aiki. Alhaji ya ba ka su ka kulle a durowa, ka huta da nemansa a Dawanau.

Injiniya Isufu: Wata takardar kuma! Daga kalanda zuwa durowa. A sa manhajar Authenticator, tana ba da kod ko babu rezo, ba ruwanta da layin wace ƙasa ne.

Hadiza Zariya: A ƙaramar waya mai tocila?

Malam Sani Tibiri: Ni ban san kwamfuta ba, amma na san gidan Alhazai. Ɗana, wannan ba aikinka ba ne kai kaɗai. Ka sami babban ɗan Alhaji ko aminin da yake jin maganarsa, ka nuna masa kuɗin jinkirin da aka biya a Lome, ka ajiye kusa da kuɗin lasisin shekara. Kada ka ambaci ƙanen Hajiya ko da wasa. Ka ce masu saye na waje ne ke son a tsare akwatin. In umarni ya fito daga bakin Alhaji, Hajiya ba za ta ga laifinka ba.

Rabe Ɗan Isa: Baba Malam, a ce masu saye ne suka nema alhali ba su nema ba? In Alhaji ya kira su fa?

Maman Nana: Ni dai shawarata ka rubuta duk abin da ka gani da kwanan wata ka ajiye a gida. Ranar da abu ya fashe, mai kwamfuta ake fara kamawa.

Lawali Bagalam: Na gode kowa da kowa, Allah ya bar zumunci. Na duba inda Anti Hadiza ta ce. Akwai wata waya da ke shiga wadda ban gane ba, amma zai iya zama ta Hajiya ce, don ta canza waya kwanan nan, kuma ba zan iya tambayarta ba. Wajen dokar tura saƙo ban ga komai ba a Gmail, na Outlook ɗin kuma ban san inda ake dubawa ba. Yaron ya amsa mini da "zan duba" kawai. Babban ɗan Alhaji ba sa ga maciji da Hajiya, ba ita ta haife shi ba, in na bi ta wajensa abin zai zama wani abu daban. Ina ganin zan bari Alhaji ya dawo tukuna. Amma tambaya: in na canza ta Gmail kaɗai na bar sauran biyun, wayar da ke ciki za ta fita da kanta, ko sai mai ita ya ga sanarwa?

Injiniya Isufu: Galibi za ta nemi sabuwar kalma, mai ita zai sani. Ka turo mini hoton shafin admin ta akwatina in gani, in ka samu shiga.

Mamman Transit: Kada ka tura wa kowa hoton komai, ko waye shi. Injiniya ba da kai nake ba.

Injiniya Isufu: Da wa kake to?