Dan Allah ku ba ni shawara, abinci ba ya narke min

Assalamu alaikum 'yan uwa, taimako nake nema. Kwana biyun nan da na ci abinci sai cikina ya kumbura ya yi tam, ga gyatsa mai tsami, ga ƙwannafi yana taso min har maƙogwaro musamman in na kwanta da daddare. Wata ta ba ni tonik ɗin nan mai ɗaci na kwalba wai yana wanke ciki, in na sha ya ɗan lafa anjima ya dawo, kuma dama ina shan na ƙarin jini. In ci gaba ko in bari?

Maman biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ki lafiya. Ki rage maiko da yaji da lemon kwalba, ki dinga ci kaɗan kaɗan, kuma kar ki kwanta sai abincin ya yi awa 3 a cikinki. Ni ruwan citta mai ɗumi yana min.

Anti nas: 'Yar uwa fara duba jikin kwalaben nan tukuna. Tonik na ƙarin jini ayon ne a ciki, wato sinadarin ƙarfe, shi kansa yana kawo tashin zuciya da kumburi da taurin bayan gida, in likita ne ya rubuta miki ki koma ki faɗa masa ya canza ko ya rage, kar ki yanke da kanki. Masu ɗacin nan kuma wasunsu akwai barasa a ciki, wasu zawo kawai suke sa mutum ya ɗauka ciki ya wanku alhali asid ɗin yana nan. Kina shan maganin ciwo irin ibuprofen ko diclofenac ko asfirin? Su ma suna cin bangon ciki sosai.

Mai tambaya: Ina shan diclofenac saboda ciwon baya Anti.

Anti nas: To wlh zai iya zama shi ne. Ki dakata da shi ki je asibiti, ki ce a miki gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da ke kawo olsa, ta bayan gida ma ana yi. In ta fito sai an haɗa antibayotik da irin su omeprazole mai rage asid, tonik ba ya kashe ta. Maganin asid na ruwa irin magnesium trisilicate zai kwantar miki kafin nan, amma ki ba da tazarar awa 2 tsakaninsa da na jinin don yana hana shi shiga jiki.

Yaya babba: Ƙanwata in kika ga aman jini, ko bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, ko kina ramewa, ko haɗiya na miki wuya, ko ciwon ƙirji yana sauka hannu, kar ki jira gobe dan Allah.

Mai tambaya: Na gode sosai, gobe da safe zan je in sha Allah, zan tafi da duka kwalaben likita ya gani.