Na tsinci tsohuwar na'urar kunna faifan CD, Marantz CD-94, a kayan gwanjo, in saya ko in bari?

Mai_Garmaho:
Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Jiya na ga Marantz CD-94 a wajen wani mai kayan Beljiyam, nauyinta kaɗai ya burge ni wallahi, da ƙyar na ɗaga ta da hannu ɗaya, tana kunnuwa tana karanta faifai amma tiren sai an ɗan tura shi da yatsa kafin ya shige. In saya?

Baffan_Sauti:
Ƙanena kar ka bari ta kwana a shagon nan! Wannan tana da TDA1541A na Philips a ciki, wato ɗan cif ɗin da ke mayar da bayanan faifai su zama sauti, da injin karanta faifai na CDM-1, hannun lesar lilo yake yi kamar na garmaho kuma yana da ƙarko sosai. Matsalar tire yawanci belin roba ne ya saki saboda tsufa, canzawa kawai za a yi. Ni muryar mawaƙi nake saurare a irin waɗannan, tana fitowa da taushi, har jan numfashinsa kana ji.

Injiniya_A:
Gaskiya ne Baffa, amma ya duba bayanta tukuna. In ta kasuwar Japan ce 100V take ci, wutarmu kuwa 230V, ka jona kai tsaye ka ƙone ta nan take, sai da taransifoma mai rage wuta. Kuma ka je da faifanka, ka bar ta ta yi kamar rabin awa, wasu sai sun ɗau zafi suke fara tsallake waƙa.

Mai_Garmaho:
Na gode ƙwarai. Ban ma kalli bayan ba sam, gobe da safe insha Allah zan koma da faifai biyu.